Azumin Dosiyen Malam Ilu

Jiya bayan la'asar ruwa ya tsare ni a shago. Irin ruwan Libreville ɗin nan da ba ya sallama, sai dai ka ji kamar an juye tirelar tsakuwa a kan kwano. Ina zaune da azumi a bakina, cikina yana ta kiran sunayen abincin da bai gani ba, sai warin shadda mai laima ya bugi hancina. Nan take na koma baya shekara ashirin, ko kusa da haka, zuwa wani azumi da shi ma ya faɗo tsakiyar damina. Har yau in aka ambace shi a gidanmu, Rakiya sai ta ajiye ludayi ta yi dariya ta ƙoshi.

Rakiya matata ce. A lokacin ba mu daɗe da aure ba, ina aiki a shagon mahaifinta a unguwar Nkembo. Mutumin Damagaram ne, tela tun kafin a haife ni. Ba zan rubuta sunansa ba, don ban taɓa faɗinsa ba yana raye, ba kuwa yanzu zan fara ba. Baba Alhaji muke ce masa.

Ni tela ne, saboda haka ina da ikon faɗin wannan: mu teloli in muka ce gobe, ba mu faɗi goben wace shekara ba. Amma ban da Baba Alhaji. Tun da ya sauka ƙasar nan bai taɓa barin mutum ya je Idi da tsohuwar riga ba. In ya ce kayanka za su fito kafin Salla, kana iya zuwa ka sayi hula. Ba shi da gida a garin nan, ba shi da mota. Wannan suna shi ne duk abin da ya tara, kuma saboda shi ne direbobin Nijar da 'yan kasuwar Mont-Bouët suke tsallake teloli goma su zo wurinsa.

A shekarar, dattawa biyu da suke yi mana aikin wuya da hannu suka koma gida. Ni ne na zuga Baba ya sayi keken aiki mai kwamfuta. Na ce masa na ga irinsa, kafin mutum ya gama alwala ya cika gaban babbar riga. Na ce har da hannun riga. Da ya tambayi wa zai sarrafa kwamfutar, na bugi ƙirji. A lokacin ina zuwa siber, wato shagon intanet, ina rubuta wa 'yan kasuwa saƙo, kuma a unguwarmu wannan ya isa a kira mutum injiniya.

Keken ya iso tashar jirgin ruwa ta Port Môle daga Kwatano ana gab da ganin wata, cikin akwatin katako mai girman ɗakin gwauro. 'Yan dako suka ɗora shi a mota suna zagin kakan wanda ya ƙera shi. Labari ya riga mu isa Nkembo. Kafin mu cire ƙusoshin akwatin, shadda ta fara sauka a shago kamar an buɗe kwantena. Baba ya karɓi aikin da bai taɓa karɓar rabinsa ba, kuma kowa ya ba shi magana ɗaya: kafin Salla, in Allah ya so.

Tare da keken akwai tsohuwar kwamfuta da faifai ɗaya. A faifan nan manhajar take, wadda za a zuba wa kwamfutar don ta iya yi wa keken magana, da zane-zanen aiki iri-iri. In babu ita, keken bai fi tebur amfani ba.

To Baba yana da wata al'ada. Babu kayan aikin da ke shiga shagonsa sai an rubuta masa addu'a da sunan wanda ya koya masa sana'a, marigayi Malam Ilu. A jikin kowane keke akwai rubutun da fenti. A murfin akwatin almakashi akwai. Ina jin da allura tana da faɗi, da ita ma ta samu nata.

Ranar farko ta azumi na sa faifai. Manhaja ta tambaya a wane dosiye za a sauke ta, wato wane ɗaki daga ɗakunan ajiyar kwamfuta. Baba yana tsaye a bayana, ya tambayi me ta ce. Da na fassara masa, sai ya gyara tsayuwa. Ya ce ai baƙon abu ba ya shiga gida sai ta hannun masu gida. Ya sa na buɗe dosiye na farko, ya yi mini shifta:

"Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai muka fara wannan aiki."

A cikinsa aka buɗe na biyu: "Albarkacin marigayi Malam Ilu tela na Birnin Damagaram wanda ya koya mana riƙon allura Allah ya jiƙansa ya sa Aljanna ce makomarsa." A cikin wannan aka buɗe na uku mai sunan shago da sunan mai shago, wanda shi ya buga da kansa da yatsa ɗaya, tun da ni hannuna ba zai iya ba. Na huɗu kuwa na keken ne, Allah ya sa mu ci moriyarsa, ya kare shi daga tsatsa da ɓarawo da kuran mai yawa, wato wutar lantarki. Ganin kowa ya samu ɗaki, ni ma na lallaɓa na ƙara nawa a can ƙurya: "Garba ne ya haɗa." A nan muka ce wa manhaja ta sauka.

Wani koren layi ya fara tafiya a fuskar kwamfutar, a hankali, kamar tsoho mai ciwon gwiwa zai hau gadar sama. Muka zuba masa ido. Ya wuce rabi. Ya kai inda saura ɗan farce ya cika. Sai ƙara, ƙwal, da wani ɗan akwatin rubutu da Faransanci: wai ba ta ga fayil kaza ba. Layin da ya yi yini yana tafiya ya koma baya da gudu kamar ya ga kare.

Na buɗe faifan na duba. Ga fayil ɗin nan zaune, yana kallona ina kallonsa. Na ce wa Baba ƙaramin abu ne, gobe za a gama. A ranar na yi goben teloli ta farko a shagon da ba a taɓa yin ta ba.

Wanda bai yi azumi a nan cikin damina ba, bai san wani abu ba. Zafin gida gasa mutum yake yi, na nan dafa shi yake yi. Ka fito daga wanka kana neman tawul na biyu. Ƙishirwa tana kama ka alhali ruwa ya kewaye ka ta ko'ina: yana zuba daga sama, yana gudu a kwata, yana tsiyaya a bayanka, ga teku can tana yi maka dariya. Da safe muna yanka muna haɗawa a ƙananan kekuna, iska ba ta motsi. Da hantsi gumi ya fara ɗiga a kan shaddar mutane, sai mu ɗaura tsumma a goshi kamar masu dambe. Wajen azahar sama ta haɗe. In ruwan ya sauko, ba ka jin maganar na kusa da kai, kwatar bakin shago ta cika ta kawo mana takalman unguwa da ɓawon mangwaro. Sai kuran ya ɗauke. Kwamfuta ta mutu da koren layinta a tsakiyar hanya, gobe a sake daga farko.

Ranar da kuran ya yi mana kirki kuwa, layin yakan kai ƙarshensa daidai lokacin da hanji ya gama naɗewa. Har na fara auna yini da shi. In ya kai rabi, la'asar ta yi. In ya kusa cika, a fara wanke kofuna. Sai ƙwal, ba ta ga fayil ba, ladan ya kira salla. Mu mu sha ruwa, ita ta kwana da azuminta.

Babu abin da ban gwada ba. Na wanke faifan da sabulu, na goge shi da ƙyallen shadda mai tsada. Na ce laima ce, muka juya mata fanka ɗaya tilo da muke da ita, mu muna narkewa ita tana shan iska kamar matar gwamna. Na ce ƙwayar cuta ce ta kwamfuta, na kawo maganinta, ya bincika bai ga komai ba. Wani direba da ya zo duba rigarsa ya ce a ɗaga ta daga ƙasa, siminti na ja mata ƙarfi. Muka ɗora ta a kan katifar guga. Wata safiya kuma na tarar da ƙamshin turaren Baba yana fita ta bayanta.

Da azumi ya kai tsakiya na naɗe faifan a leda, na shiga takasi zuwa unguwar da ake kira London, wurin wani ɗan Najeriya mai siber. Ya sa shi a tasa kwamfutar, ya danna nan, ya danna can, bai ko karanta abin da take tambaya ba. Kafin in gama ba shi labarin wahalata, koren layi ya cika. Ya miƙo mini faifan, ya ce da turancin Buroka faifai lafiyarsa ƙalau, in je in duba kaina. Na dawo cikin ruwa, jiƙe har cikin aljihu, ban san abin da ya yi wanda ban yi ba.

A shago kuwa riguna sun haɗu, wuyansu fari fat babu aiki, an rataye su jere kamar masu jiran hukunci. Mutane suka fara leƙowa, ba su tambaya kai tsaye, sai dai su gaida Baba su kalli keken su ce ashe har yanzu yana hutawa. Wata rana bayan azahar na ga ya buɗe tsohon gwangwaninsa, ya ciro allurar aikin hannu da ya rabu da ita tun idonsa ya fara rauni. Ya zauna bakin ƙofa inda haske yake, ya ɗora riga a gwiwa. Sau uku yana kai zare bai sami kafar allurar ba. Ban yi wasa ba ranar. Ko da mu duka mun koma aikin hannu, ba za mu fitar da kashi ɗaya cikin biyar ba.

Rakiya ce ke kawo mana buɗa-baki. Ita a nan aka haife ta, boko ta yi da Faransanci, tana aikin sakatariya a wani biro, wato ofis, kusa da bakin teku. In ta tashi sai ta biya gida ta ɗauko kunun gyaɗa da ƙosai da soyayyar ayaba, wani lokaci da kifi da burodi. Ban taɓa nuna mata matsalar ba, don a gida na riga na gaya mata saura ƙiris. Ranar Lahadi ta zo da wuri saboda hadari, Baba ya tafi masallaci, ta tarar da ni na dafe kai ana ƙwal.

Ta ajiye kwano, ta leƙa, ta tambayi ina na sauke manhajar. Na nuna mata da alfahari. Ta fara karanta adireshin daga saman fuskar kwamfutar da ƙarfi. Ta yi bisimilla, ta wuce Damagaram, ta yi wa Malam Ilu addu'a, ta tsallake sunan babanta, ta tsaya ta ja numfashi, ta ci gaba da tsatsa da ɓarawo. Da ta iso "Garba ne ya haɗa" sai ta zauna a kan buhun ƙyallaye tana dariya har da hawaye.

"Malam, wannan adireshi ne ko huɗubar Juma'a?"

Ta yi mini bayani. Ta ce kwamfuta in za ta nemi fayil, sai ta karanta hanyarsa gaba ɗaya tun daga ƙofar gida, sunan kowane dosiye a jere, cikin numfashi guda. Numfashin nata kuma bai wuce harafi ɗari biyu da sittin ba. Mu mun cinye kusan duka da addu'a. Zane-zanen da ke ƙarshen faifan kuma suna da nasu ɗakunan a cikin ɗakuna, da nasu dogayen sunaye. In aka haɗa namu da nasu, numfashinta ya ƙare kafin ta iso, sai ta ce ba ta gani ba. Ta ce ya taɓa faruwa a bironsu. Mai siber kuwa bai yi wata dabara ba, ya bar ta ne ta sauka inda ta saba, kusa da ƙofa.

Na ce to mu gyara yanzu kafin Baba ya dawo. Ta kalle ni, ta ce in taɓa sunan Malam Ilu a bayan idon Baba in ga yadda ake warware aure. Na ce to ita ta gaya masa, ai babanta ne. Ta ce ita ba ta da wannan bakin, ni ne injiniya.

Bayan an sha ruwa, da kunu ya sauka, na durƙusa na fara kewaye-kewaye. Na yabi keken, na yabi kwamfuta, na zagi Turawan da suka yi ta da gajeren numfashi. Da na iso kan maganar sai na faɗe ta da sauri kamar mai haɗiyar kinin. Baba ya ajiye kofinsa. Ya tambaya ko dai ina nufin addu'ar ce ta yi mata yawa. Na ce ba ni na ce ba, ita ta ce.

"To a mayar da shi cikin akwatinsa," in ji shi. "Abin da ba zai ɗauki sunan Malam ba, ba zai ci abinci a shagona ba."

Washegari ya koma bakin ƙofa da allurarsa. Ruwa ya yini yana zuba. Ni ma na ɗauki allura na zauna gefensa, na yi wani aiki a wuyan riga wanda da mai rigar ya gani da ya kai ni ƙara. Muna cikin aiki, sai ga wani Buzu mai gadi ya fako daga ruwa. Baba ya matsa masa a kan bencin bakin ƙofa, ya ba shi tsumma ya goge fuska. Da ruwa ya tsagaita mutumin ya yi godiya ya tafi. Ina kallon bencin, dabara ta zo mini.

Na ce, "Baba, a Damagaram in baƙo ya zo daga nesa, ina ake sauke shi?"

Ya ce a zaure mana.

Na ce to mu namu baƙon ya keto teku, ko ruwa ba mu ba shi ba, muka ja shi ɗaki cikin ɗaki har ƙuryar da ni kaina ban isa in shiga ba. Na ce babu abin da za a goge. Dosiyoyin nan huɗu za su zauna yadda suke, da kowane harafi, mu riƙa ajiye hotunan aikinmu a ciki. Nawa ne kawai za a cire, don dama shisshigi ne. Baƙo kuwa a yi masa zaure a bakin ƙofa.

Ya soke allurar hannunsa a jikin riga. Sannan ya ce zauren ma ai ba a barinsa babu suna. Rakiya, da ta iso da kwanuka tana tsaye tana saurare, ta ce ana iya sa masa, amma gajere, iyakar gajarta.

Baba ya tashi ya zo gaban kwamfutar. Mutumin da tun tasowarsa bai taɓa kiran malaminsa da suna tsirara ba, ko a hira, ya miƙa yatsa ɗaya yana neman haruffa. Ya danna uku: Ilu. Sauran kuwa ya faɗe su da bakinsa, tun daga Birnin Damagaram har Aljanna ce makomarsa. Muka ce amin. Ya juyo ya ce ga sharaɗi: duk wanda zai buɗe wannan dosiye, abin da kwamfuta ta kasa ɗauka shi zai ɗauka, ya faɗa a fili.

Koren layi ya tashi. Ya wuce rabi, ya kai wurin da ya saba faɗuwa. Ni dai na rufe ido. Ban ji ƙwal ba, sai na ji Rakiya ta ce in buɗe ido, injiniya, an gama. Da keken ya fara aiki, ƙararsa ta rufe ta ruwan sama. Maƙwabta suka cika ƙofa, har mai sayar da mangwaro ta bar tirenta.

Kwanakin da suka rage ban san yadda suka wuce ba. Muka ɗauko aron janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Rakiya ta ɗauki hutu tana zaɓen zane, ni ina ɗaura riguna a firam, Baba yana datse zare yana guga. Kuma duk buɗe dosiye sai an yi addu'a. A yini ɗaya Malam Ilu yakan sami abin da bai samu ba a shekara goma na fenti. In na yi sauri na haɗiye rabi, daga can bayan tulin shadda sai in ji an ce, "Ban ji makomarsa ba." Rigar ƙarshe ta bar shago da safiyar Idi, mai ita ya sa ta da ɗumin guga a jikinta. Amma ta fita. Baba ya je masallaci da tsohuwar rigarsa, don tasa ce kaɗai ba mu samu yi ba, yana tafe yana duba wuyan mutane kamar manomi a gonarsa.

Yanzu shagon yana hannuna. Kekunan aiki uku ne, zane kuma ta waya ake turo shi, kafin ka ce amin ya sauka. An ce kwamfutocin yanzu numfashinsu ya ƙaru, ban gwada ba. Mun canza kwamfuta sau da yawa, kuma duk wadda ta zo, dosiyen farko da ake buɗe mata mai harafi uku ne. Shekarun baya, bayan mun kai Baba maƙabarta mun dawo, na buɗe wani a cikinsa mai harafi huɗu: Baba. A nan zane-zanenmu suke.

Jiya da ruwan ya tsagaita kuran ya dawo, na matsa gaban kwamfuta zan tura aikin wata babbar riga. Azumi ya ci ƙarfina, na danna dosiye na farko, na danna na biyu, bakina a rufe. Rakiya tana bakin ƙofa tana karkaɗe lema, kwanon kunu a hannu.

Ta ce, "Malam, ban ji ba."

Na gyara zama, na faro tun daga Birnin Damagaram.